Kwallon masu kafa daya: abin da ya biyo baya a Saliyo bayan an ajiye bindiga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haduwa. Kafin in ce komai, ku dan kalli wannan bugun tukuna, gani ya kori ji.

Ga kwallo tana gangarowa a kan yashi, ga saurayi ya taho a guje da sandunan karfe biyu makale a hannunsa, ya kafa su a kasa daya dama daya hagu kwallon tana tsakiya, sai ya dauke nauyin jikinsa gaba daya ya dora a kan damatsa, kafarsa guda daya tilo ta yi lilo ta baya ta dawo ta dauki kwallon. A daidai wannan lokacin babu abin da yake taba kasa a jikinsa sai bakin sandunan nan. In ya dan kauce kadan sai dai ka ji shi rim. Ni dai wallahi na maimaita wurin nan ya fi sau goma lokacin da nake hada bidiyon, har yanzu kafaduna suna min ciwo in na kalla.

Nan bakin teku ne a Freetown, babban birnin Saliyo, kuma yau labarin mutanen nan za mu yi: yadda aka yi suka rasa gabobinsu, yadda ake buga wasan, da kuma ainihin abin da kwallo take yi wa mutumin da yaki ya nakasa. Don ba kafar take mayar masa ba, wannan kowa ya sani.

Toh mu koma baya. A watan Maris na 1991 'yan tawayen kungiyar RUF karkashin wani tsohon kofur na soja mai suna Foday Sankoh suka tsallako daga Laberiya suka shigo gabashin Saliyo ta gundumar Kailahun, da goyon bayan Charles Taylor, madugun 'yan tawayen Laberiya wanda daga baya ya zama shugaban kasar. Yakin ya kai shekara goma sha daya, ba a ayyana karshensa ba sai watan Janairun 2002, kuma kiyasin da aka fi ambata shi ne mutum wajen 50,000 suka mutu. Lu'ulu'un da ake haka a yankin Kono shi ne man da yake rura wutar, a hako a fitar a sayo makamai. Kuma wannan yakin ba bakonmu ba ne, sojojin Najeriya su ne kashin bayan rundunar ECOMOG ta kasashen Afirka ta Yamma da ta kori sojojin da suka yi juyin mulki ta mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujera a 1998, zamanin Abacha, shi ya sa har yau akwai titi a tsakiyar kasuwar Freetown da ake kira Sani Abacha. In kana da kawu ko baffa tsohon soja ka tambaye shi, kila ya je. Shi kansa Taylor a Kalaba ya zauna bayan ya sauka daga mulki a 2003, kuma a Gamborun Ngala aka kama shi a 2006 yana kokarin tsallakawa Kamaru, daga baya a 2012 kotu ta yanke masa shekara 50.

Amma abin da ya sa duniya ta san wannan yakin shi ne yankan gabobi. Lokacin zaben 1996 'yan tawaye suka ce tunda da hannu ake dangwala kuri'a to bari su cire hannun, suka rika bin kauyuka da adda da gatari. Wadanda suka tsira sun ba da shaida cewa har tambayar mutum ake yi, kamar tela yana awon riga, dogon hannu kake so ko gajere, ma'ana a sare daga wuyan hannu ko daga saman gwiwar hannu. Manoma, mata masu goyo, har kananan yara. Abin ya kara muni da suka afka cikin Freetown ranar 6 ga Janairun 1999. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan saka hotunan ba, ba sai kun gani ba.

Ga wani abu da mutane basu cika lura da shi ba. Addar ta fi cin hannu. Da yawa daga masu kafa daya kuwa harsashi ne ko tarkacen bom, ko kuma rauni ne karami da ya kwana biyu a daji babu asibiti babu magani har ya rube, da aka kai ga likita babu abin yi sai yankewa. Ku rike wannan, zai dawo in mun zo maganar gola.

Bayan an yanke, ciwo kashi biyu ne. Akwai na jiki, kuma shi ma da abin mamaki, don mutum sai ya ji dan yatsan kafar da aka binne tun bara yana masa kaikayi, ko ya ji tafin kafar yana zafi kamar ya taka garwashi, ya kai hannu zai sosa sai ya taba iska. Ba aljanu ba ne kuma ba hauka ba ne, kwakwalwa ce har yanzu take rike da taswirar jikin yadda ta san shi, jijiyoyin da aka katse suna ta aika sako, kuma yawancin wadanda aka yanke wa gaba suna fuskantar wannan. Wani ma cikin dare zai farka da magagin barci ya manta, ya sauko daga gado ya taka kafar da babu ya fadi.

Kashi na biyu shi ne idon mutane, kuma a ganina shi ya fi cin rai. An tara daruruwansu da iyalansu a wani sansani a unguwar Murray Town a Freetown, sai wurin ya zama kamar wajen ziyara, duk bakon da ya sauka a kasar, dan jarida ko jami'in agaji ko dan siyasa, sai an kai shi ya gani, a ce wa mutum daga dungun a dauka a hoto, a yi masa jaje a tafi. Ka duba fa, saurayi dan shekara ashirin wanda jiya shi yake noma gonar gidansu, yau kowa in ya gan shi kalma daya ce, Allah sarki. Babu mai aikensa, babu mai neman shawararsa, babu ma mai yi masa fada. In ya yi laifi sai a ce a kyale shi. Mu ma nan mun san wannan, mun iya tausayi kwarai, mu jefa sadaka a kwano mu wuce, amma ka tambayi kanka yaushe rabon da ka ga gurgu ka ce masa malam zo ka taya ni wani aiki. Tausayin da ba ya tare da bukatar mutum a hankali yake mayar da shi kaya, abin da ake dauka a ajiye.

A wannan sansanin ne a 2001 wani fasto mai suna Mambud Samai ya fara tara matasan, bayan wata ma'aikaciyar jinya daga Amurka wadda ita ma kafarta daya ta nuna musu cewa akwai irin wannan kwallon a duniya. Daga nan aka kafa kungiyar wasannin masu kafa daya ta kasar, wadda ake takaita sunanta da SLASA. Filin atisayensu bakin teku, ba don gayu ba, kyauta ne, kuma in ka fadi a kan yashi da sauki. Sai dai yashin yana hadiye sanda, kowane taku sai ka zaro ta, wanda ya saba gudu a nan in ya hau ciyawa ji yake kamar an sauke masa kaya.

Shi wasan ba a Afirka aka kirkiro shi ba. Wani Ba'amurke ne a birnin Seattle, Don Bennett, wanda ya rasa kafarsa a hatsarin jirgin ruwa, a farkon shekarun 1980 kwallo ta gangaro wajensa yana tsaye a kan sanduna, kawai ya daga jiki ya buge ta ya mayar, shikenan tunani ya zo masa.

Ga yadda ake bugawa. Mutum bakwai bakwai ne, shida a ciki daya a raga. Minti 25 a tafi hutu a dawo a kara 25. Filin bai kai na manya ba, kamar mita 60 a tsawo 40 a fadi, ragar ma karama ce. Babu satar gida. In kwallo ta fita ba a jifa da hannu, tunda hannuwan suna rike da sanda, da kafa ake bugowa. Canji kuma ko sau nawa, ka fita ka huta ka dawo, don babu kirjin da zai jure gudu a kan damatsa ba tsayawa. Kafar roba a bakin fili ake cire ta a ajiye, in ka zo kallo za ka gansu jere a gefe wasu ma da takalmi a jiki. Sanda ba a taba kwallo da ita da gangan, in ka yi rafali zai busa kamar ka sa hannu, haka ma dungun kafar da aka yanke ba a buga kwallo da shi. Kuma kai wa abokin karawa duka da sanda kati ne.

Sai gola. Na ciki kafa daya hannu biyu, shi kuma gola kafa biyu hannu daya, kuma ba ya fita daga da'irarsa. Kun ga inda maganar dazu ta dawo ko. A wasu kasashen neman gola mai hannu daya wahala yake yi, a Saliyo kuwa abin takaici adda ta riga ta tanade su. Mu Hausawa muna cewa hannu daya ba ya daukar jinka, to gaskiya ne, amma ku kalli wannan, yana ture fenareti.

Wani abin da ya ba ni dariya kuma ya taba min zuciya, takalmi. In mai kafar dama da mai kafar hagu lambarsu ta zo daya, takalmin kwallo kafa biyu ya ishe su su biyun, kowa ya dauki nasa. Abin da ya fi ci musu kudi robar bakin sanda ce da take cinyewa, da ita kanta sandar in ta lankwashe, ga tafin hannu da yake kumbura ya fashe ya yi kanta kafin ya saba.

Yanzu ga abin da nake so ku lura da shi a wannan hoton, ku kara sauti. Wancan ya samu kwallo, abokinsa yana tsaye shi kadai a gaban raga, bai ba shi ba, ya yi son kai ya buga ta tafi sama. Ku ji yadda sauran suka taso masa da ihu, koci yana daga hannu yana fada. Babu mai cewa Allah sarki. Babu mai cewa a kyale shi ai nakasasshe ne, to duk wanda yake filin haka yake, uzurin ya kare. A wurina nan maganin yake. Mutumin da ya shekara biyar ba wanda ya sa ran komai daga wajensa, yau mutum shida ransu ya baci saboda ya gaza yin abin da suka san zai iya. In bai zo atisaye ranar Asabar ba za a bi shi gida a ji dalili. Sai ya zamana yana da ranar da yake jira a mako, yana da dalilin wanke riga, yana da dalilin rage abin da yake sha don ya manta, tunda kirji ba zai dauka ba.

Ga kuma zama da wadanda suka san ciwon. Mai daki shi ya san inda yake masa yoyo. Yadda ake nade dungu kar ya kumbura, yadda ake hawa motar haya da sanda biyu, me za ka ce wa yarinyar da kake so, me za ka yi in ciwon kafar da babu ya tashe ka karfe biyun dare, wannan duk ba likita ne yake koyarwa ba, a gefen fili ake jinsa bayan an tashi ana shan ruwa.

A watan Fabrairun 2007 aka yi gasar farko ta kasashen Afirka a babban filin wasa na Freetown, Ghana ta dauki kofin. Amma ka yi tunanin dan wasan Saliyo da ya tsaya a tsakiyar filin nan da rigar kasa ana taken kasa, a garin da watakila a bakin titinsa yake bara, mutanen da suke jefa masa canji yau su ne suke kiran sunansa. Makwabciyarsu Laberiya, wadda ita ma ta sha yaki daga 1989 zuwa 2003, daga baya ta dauki kofin fiye da sau daya, kuma a can abin ya fi daure kai, don cikin 'yan wasan akwai tsofaffin mayaka daga bangarori daban daban, wadanda da can in sun hadu sai harbi, yanzu wannan yana ba wancan fasin.

Kuma wannan dabarar ta girmi kwallon. A 1944 wani likitan jijiya Bayahude da ya gudo daga Jamus, Ludwig Guttmann, ya bude sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Kafin shi sojan da lakarsa ta tabu kwantar da shi kawai ake yi ana jiran rai ya yi halinsa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su karasa shi. Shi kuwa ya ce a rika juya su duk bayan awa biyu dare da rana, sannan ya tashe su ya sa su wasa a kan keken guragu, ba wai nishadi ba, a cikin magani ya sa shi, dole ne. Ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da aka bude gasar Olamfik a Landan, ya hada gasar harbin kibiya ta mutum 16 a harabar asibitin. Wannan 'yar gasar ce ta girma, a 1960 a Roma 'yan wasa 400 daga kasashe 23, abin da yau ake kira Paralympics, wato Olamfik din nakasassu. Ita kwallon masu kafa daya dai har yanzu ba ta cikin wasannin Paralympics, tana da nata kofin duniya.

Kuma in ka duba masu daukar kofin sai ka ga tabon yaki. Angola, wadda ta yi yakin basasa daga 1975 zuwa 2002 aka bar mata nakiyoyi binne a gonaki, ita ta dauki kofin duniya a Meziko a 2018 bayan ta doke Turkiyya a bugun fenareti. A 2022 a Istanbul Turkiyya ta rama, ci 4 da 1. Su Turkawa ma abin nasu daban ne, suna da gasar lig ta kungiyoyi, kuma a wasan karshe na kofin Turai a 2017 sama da mutum 40,000 suka cika filin Besiktas, kyaftin dinsu Osman Cakmak, sojan da ya taka nakiya a bakin aiki, shi ya ci Ingila kwallon karshe ana dab da tashi, 2 da 1. Ku nemi wannan bidiyon, tsigar jiki sai ta tashi.

Najeriya ma tana da tata, Special Eagles, sun je Meziko a 2018 amma sai da aka yi ta neman gudummawa kafin kudin jirgi ya hadu. Kar ku hada shi da wancan wasan da masu shan inna suke yi a zaune a kan katako mai taya suna buga kwallo da hannu, wanda muka saba gani a Kano, wannan daban wancan daban. A bangaren sojoji kuwa, Najeriya ce kasar Afirka ta farko da ta shiga gasar Invictus ta sojojin da suka ji rauni, wadda Yarima Harry na Birtaniya ya kafa a 2014. A Jamus aka yi ta a 2023, kuma wani soja, Peacemaker Azuegbulam, da ya rasa kafarsa a yaki da Boko Haram a arewa maso gabas, ya ciyo zinare a daga nauyi.

Toh amma kar in yi muku dadin baki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rafali yana busa tashi, kowa ya dauki kafar robarsa in yana da ita, tambayar farko ita ce kudin motar komawa gida. Hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta Saliyo a rahotonta na 2004 ta ba da shawarar a ba wadanda aka yanke wa gabobi magani kyauta da fansho da karatun 'ya'yansu, amma har yau korafinsu shi ne abin da ya iso hannunsu bai taka kara ya karya ba, kuma abin da ya fi yi musu ciwo shi ne sun ga tsofaffin mayakan da suka ajiye bindiga an riga ba su kudi da koyon sana'a. Akwai dan wasan da zai buga wa kasa yau, jibi ka gan shi a mahadar titi yana mika hannu. Sannan wanda aka sare wa hannu biyu fa, babu gurbinsa a wannan wasan, ba zai rike sanda ba ba zai tsare raga ba. Mata ma sun dade a baya kafin a fara kafa musu kungiyoyi.

Shi kansa Fasto Samai ya gane haka, shi ya sa ya je Japan ya koyo noma na takin gargajiya ya dawo ya bude gona inda ake koya wa masu kafa daya noman rani da na damina a kan sandunansu, yadda za ka jingina da sanda daya ka rike fartanya, yadda ake hada taki, mutum ya gama ya koma kauyensu ya koya wa masu kafa biyu. Damatsan da kwallo ta gina su ne suke daga kunya a gona.

Yaron da aka harba yana dan shekara goma a 1999 yanzu ya haura 35, kafadu sun fara gajiya. Sababbin da suke zuwa bakin tekun yawanci ba su ga yakin ba, wani hatsarin okada ne, wani karaya ce da aka daure a gida ta rube, wani ciwon suga. Ku kalli wannan na karshen, yau ne zuwansa na farko, yana tsaye a gefe ya ki cire doguwar rigarsa. Dattijon nan mai furfura a gemu shi ne ya gangaro masa da kwallo, yana nuna masa da bakin sanda inda zai kafa tasa, nan da nan, kar ka kalli kafarka kalli kwallon. Ya gwada ya fadi. Ba wanda ya ruga ya daga shi, an dai sake gangaro masa da kwallon.